Kyauron da ya dace da baka

In ana zancen maharba a ƙasar Tudun Wada da Doguwa, baka ake yabo, sai kuma dafi. A ce bakan wane ba ya jawuwa, dafin wane ko ɓauna ba ta kai gaɓar rafi da shi. Da wuya a ji an ambaci kyauro, ciyawar fadama da ake yanko wa kibiya jiki. Amma ga wanda ya san harbi, a nan gwaninta take kwance.

Yankin ya daɗe da sanin baka. A ƙarni na 19 garuruwan kudancin Kano ne ke fara shan harin Ningawa, har Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi ya yi ta fita yaƙi da su, kuma 'yan baka ne ke tsare ganuwa. A farkon Fabrairun 1903 rundunar Turawa da ta taso daga Zariya ta yi karo da mutanen Bebeji kafin ta isa Kano. Bayan an daina yaƙi baka ya koma hannun mafarauta, masu shiga dajin Falgore da ke bin Kogin Kano da dajin Ɗansoshiya na ƙasar Ƙiru, kowace ƙungiya da Sarkin Bakanta.

Ga abin da ke faruwa in an saki tsirkiya. Ƙarfin baka yana tunkuɗo gindin kibiya farat ɗaya, alhali ƙarfen da ke bakinta, saboda nauyinsa, bai riga ya motsa ba. Dole kyauro ya tanƙwara a tsakani. Yana tanƙwarawa ne ya kewaye jikin bakan, sannan ya miƙe, ya sake lanƙwasa ta ɗaya gefen, kamar macijin da ke ratsa ruwa. Ido ba ya ganin wannan. Sai a shekarun 1930 wani masanin kimiyya na Amurka, Clarence Hickman, ya ɗauki hotonsa da kyamara mai saurin gaske. In kyauro ya yi wa bakan laushi, kibiya ta fita tana wutsil-wutsil, wani lokaci ma ta tsage a hannun mai ita. In ya yi tauri, sai ta daki jikin bakan ta goce.

Kibiyar Bature tana da gashin tsuntsu a gindi, wanda ke saita ta a iska ko da ta fita a karkace. Kibiyar maharbin Hausa galibi ba ta da shi. Nauyin ƙarfen gaba ne kaɗai ke jan ta ta miƙe. Ke nan ba abin da zai rufa wa mugun kyauro asiri, kuma maharbin da ke da kwari cike da kibau masu tafiya iri ɗaya ya yi aikin da ya fi na mai sayen kibau a shago wahala nesa ba kusa ba.

Yadda yake zaɓe abin kallo ne. Da kaka, in ciyawa ta ƙosa, yakan yanko dami ya shanya a inuwa. Sai ya zauna ya ɗauki kara ɗaya-ɗaya, ya kanga shi a ido ya duba miƙewarsa, ya dafa shi tsakanin tafin hannu da gwiwa ya ɗan matsa, ya juya shi ya sake matsawa, domin kyauro yana da gefen da ya fi tauri. Mai ɗan karkata a gasa shi a kan garwashi a miƙar. Mafi yawa a zubar. Waɗanda suka tsira ne za a kai wa ƙarfen da maƙeri ya ƙera, mai kunne ko maras kunne, a cusa wutsiyarsa cikin kyauron, a naɗe wurin da jijiya don kada ya tsage. Haka ake naɗe gindin inda tsirkiya ke zama.

Lissafi ya gaskata hannun nan nasa. Taurin sanda yana hawa da kaurinta fiye da yadda ake zato: ƙarin kauri kashi 10 cikin 100 yana ƙara tauri kusan kashi 46. Tsawo kuwa rage shi yake yi, haka ma nauyin ƙarfe. Shi ya sa in aka sa wa kyauro ƙarfe babba don babban nama, sai an nemo mai kauri ko a rage masa tsawo. Ko dafin kwankwanin da ake dafawa a shafa a wuyan ƙarfe yana da nasa nauyin. Masana'antun kibau na zamani suna ɗora kibiya a kan turaku biyu masu tazarar inci 28, su rataya mata giram 880 a tsakiya, su auna lanƙwasarta, su buga lambar a jikinta. Tambayar da maharbi ke yi wa kyauro da gwiwarsa ke nan.

Akwai kuma abin da lamba ba ta faɗa. Bakan itace da tsirkiyar fata suna saki da damina su ɗaure da hunturu, don haka kibiyar da ta yi daidai a watan Agusta tana iya yin laushi a Janairu.

Yanzu bindigar toka ta karɓe farauta, doka ta hana harbi a Falgore, kwari da baka sun koma kayan hawan salla da na 'yan sintiri. Yaran maharba sun gaji kirari da layu, ƙalilan ne suka gaji zaɓen kyauro. Masu nazarin al'adu a Jami'ar Bayero da ma'aikatan Gidan Makama ya kamata su nemi dattawan da suka rage a Doguwa da Ƙiru, su auna bakunansu da kibansu tare, su rubuta.