Sukuwar Doki a Ƙirjin Mai Jego

A likitar Tasawa ko ta Mayahi, idan aka kawo mai jego a amalanke, ƙafafu a kumbure, tana haki tun ba ta yi arba'in ba, dangi kan ce sanyi ne ya shige ta. Ƙwararriyar ungozoma ba ta musu da su. Sai ta jingina ta, ta ƙura wa gefen wuyanta ido: in jijiyar ta cika tana harbawa har kusa da kunne, to jini ne ya taru, zuciya ta kasa tura shi gaba. Ta danna ƙwauri da yatsa, ta ga ko ramin zai zauna. Sannan ta ɗora abin saurare a ƙasan nonon hagu. Lafiyayyar zuciya bugu biyu take yi. Wadda ta gaji takan ƙara na uku, sai ka ji kamar doki na sukuwa daga nesa. Kunnen da ke kamo wannan a ɗakin da jarirai ke tsala kuka, ba a wata guda ake samunsa ba.

Wannan cuta ta gajiyar zuciya bayan haihuwa ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. A shekarun 1970, Davidson da Parry sun same ta a Zariya wajen kusan mace 1 cikin masu haihuwa 100, suka zargi kunun kanwa da wankan jego. A Yamai, Arnaud Cénac ya ba da rahoto a 1992 cewa sinadarin seleniyam ya yi ƙaranci a jinin masu ita. Binciken da Farfesa Kamilu Karaye na Kano ya jagoranta kuwa bai tabbatar wa kanwar laifi ba.

Ni dai abin da ya fi burge ni tambayar ungozomar ce: "Baiwar Allah, innarki ta taɓa kumbura bayan haihuwa? A ɗakinku akwai wanda ya yanke jiki ya faɗi da ƙuruciyarsa?" Ai gwajin gado ne take yi da fatar baki. A 2016, bincike kan mata 172 masu cutar ya nuna kashi 15 cikin 100 na ɗauke da tawaya a ƙwayoyin halitta, akasari a wadda ke ƙera titin, furotin mafi girma a jikin mutum, mai miƙewa yana dawowa kamar roba cikin tsokar zuciya. Mace kan zauna da tawayar lafiya lau, sai ciki ya ƙara mata jini kusan rabin wanda take da shi, zuciyar ta saki. In aka yi jinkiri, inda tsoka ta mutu tabo ke maye gurbinta, shi kuwa tabo ba ya matsewa.

Shi ya sa ungozomar ba ta jira. Takan kira likita a fara maganin sa fitsari, ta ce a rage gishiri da kanwa, a rubuta takardar zuwa Maraɗi don hoton zuciya. Ta ja maigidan gefe kan batun hutun haihuwa, ta kuma ce wa mahaifiyar mai jegon: "Hajiya, ƙanwarta mai cikin nan, ita ma a kawo mini ita awo."