Zalika Souley da Laifin Gaika

Mai jin Dendi a Parakou ko Djougou ba zai sha wahalar bin fim ɗin Le Wazzou polygame ba, gama da Zabarmanci aka yi shi, harsunan biyu kuwa 'yan'uwa ne. Oumarou Ganda na Nijar ne ya shirya shi, ya kuma ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1972. Wani Alhaji ya dawo daga Makka, ya ƙara aure na uku da yarinyar da aka riga aka yi wa wani saurayi alkawarinta. Matarsa ta biyu, Gaika, ta ƙulla a kashe amarya, amma mugun nufin ya faɗa kan ƙawar amarya.

Zalika Souley, wadda aka haifa a Yamai a 1947, ita ce ta fito a matsayin Gaika. Ta iya wasan ƙwarai, har iyawar ta zame mata kaya. Kishin Gaika ba na hauka ba ne. Mai kallo yana ganin macen da aka wulakanta a ɗakinta kafin ya ga mai kisa. Ganda ya ɗora babban laifi a kan Alhaji da iyayen da suka sayar da 'yarsu, amma jama'a suka bar su, suka bi Zalika da zagi a titi, sai ka ce ita ce ta yi kisan.

Akwai wani fim na ƙasar Meziko, María Candelaria, wanda ya ci kyauta a Cannes a 1946. A cikinsa Dolores del Río ta fito a matsayin yarinyar da mutanen ƙauye suka jajjefe da duwatsu saboda wani zane na tsiraici, alhali fuskar kaɗai ce tata, jikin na wata ne. Wanda ya san Yohanna sura 8 zai gane taron nan. Ko a ikkilisiya, yaron da ya yi Yahuza a wasan Ista yakan sha tsokana har damina.

A fim ɗin Al'lèèssi na Rahmatou Keïta (2004), an ga Zalika cikin talauci a Yamai, tana ɗebo ruwa. Ta tafi ƙasar waje aikatau. Ta rasu a 2021.