Lissafin Alfa da Amincin Takardun Tambayoyi

Duk wanda ya saba duba kundayen bincike na jami'o'inmu ya san inda marubuci kan ce ya gwada takardar tambayoyinsa, alfa ta kai 0.70, saboda haka takarda ta inganta. Daga nan sai ya wuce, mai jarrabawa kuma ya sa hannu. Nufin wannan maƙala shi ne a nuna cewa an ɗora wa lissafin nan kayan da ba nasa ba.

Asalin al'amarin kuwa, a shekarar 1910 Spearman da Brown, kowa da nasa aikin, suka nuna yadda za a raba jarrabawa gida biyu, a gwada rabi da rabi, a ƙiyasta amincinta. Amma hanyoyin rabawa suna da yawa, kowace da nata sakamako. A 1937 Kuder da Richardson suka kawo magani ga tambayoyi masu amsa biyu. Sa'an nan a 1951 Lee Cronbach, a mujallar Psychometrika, ya faɗaɗa lissafin, ya kira shi alfa, ya kuma nuna cewa shi ne matsakaicin dukan rabe-raben da za a iya yi. Lalle wannan aiki ne abin yabo.

To, me alfa ke aunawa? Abu biyu ne ke ɗaga ta: yadda amsoshi ke tafiya tare, da kuma yawan tambayoyin. Mai karatu ya duba misali. In dangantakar kowace tambaya da 'yar'uwarta ba ta wuce 0.2 ba, watau mai rauni ce ƙwarai, tambayoyi 3 za su ba da alfa wajen 0.43, tambayoyi 10 su ba da 0.71, tambayoyi 30 su ba da 0.88. Ba a gyara tambaya ko ɗaya ba, tsawo kawai aka ƙara. Ashe wanda ya maimaita magana guda cikin lafazi iri iri zai sami babbar alfa, ko da bai ƙaru da komai ba.

Shi kansa 0.70 ɗin da ake riƙo da shi, daga littafin Nunnally na 1978 aka ɗauko shi, amma an bar sharaɗinsa a baya. Mutumin nan ya yarda da 0.70 ne a farkon bincike kaɗai. Inda za a yanke hukunci a kan mutum, ya ce 0.90 shi ne mafi ƙanƙanta.

Babbar matsalar tana wajen ma'ana. Mudun da aka lotsa gindinsa kullum awo ɗaya yake bayarwa, ba ya saɓa wa kansa, amma fa mai saye ya cutu. Haka takardar da aka tsara da Turanci aka juya ta zuwa Hausa. Matakan amsa biyar da Likert ya fito da su a 1932, daga "na yarda ƙwarai" zuwa "ban yarda ba sam", suna bukatar mai amsa ya iya musanta maganar mai tambaya a gabansa. Dattijuwar da malami baƙo ya zo wa har gida, kunya da kara suna iya sa ta amsa komai da "haka ne". In masu amsa irinta suka yi yawa, kuma dukan tambayoyin fuska guda suka nufa, amsoshi za su yi ta tafiya tare, alfa ta hau, alhali ladabi aka auna, ba ra'ayi ba.

Cronbach da kansa, a wata maƙala da aka buga a 2004 bayan rasuwarsa, ya bayyana cewa bai ƙara ɗaukar alfa a matsayin hanya mafi dacewa ta duba yawancin bayanai ba. Masana da dama yanzu sun fi son omega ta McDonald, domin ba ta ɗauka cewa nauyin tambayoyi duka ɗaya ne.

Saboda haka ya kamata ɗalibi ya faɗi yawan tambayoyinsa tare da alfarsa, ya juya waɗansu su fuskanci akasi, ya sake gwada mutanen bayan 'yan makonni. Kafin duk wannan, ya zauna da Hausawa kaɗan su faɗa masa da bakinsu abin da suka fahimta daga kowace tambaya. In fassara ta karkace, babu lissafin da zai miƙe ta.