Jam'iyyar Masu Zane ta Norwich da Zanen Launin Ruwa, 1803–1833

Masu rubuta tarihin zane na ƙasar Ingila su kan yabi Jam'iyyar Masu Zane ta birnin Norwich da cewa ita ce ta fari, a wajen Landan, da ta riƙa nuna wa jama'a aikin 'ya'yanta shekara-shekara. Yabon ya dace. Amma ba kasafai a kan tsaya a tambayi abin da ya ciyar da ita har shekara talatin ba, a garin da masu sayen zane ba su da yawa. Amsar kuwa ita ce koyarwa. Manyan 'yan jam'iyyar malaman zane ne masu bin gidajen attajirai da makarantu, kuma wannan sana'a ita ta raya zanen launin ruwa a garin, ita ce kuma ta cinye ƙarfin wanda ya fi kowa iya shi.

Kafin a shiga labari ya kamata a bayyana abin da a ke nufi da launin ruwa. Garin launi ne da a ke haɗawa da ƙaro, irin ƙaron da malamai ke sa wa tawada, a narka shi da ruwa a shafa a kan takarda da burushi. A wancan zamani yawancin ƙaron da Turai ke amfani da shi daga bakin kogin Sanagal ya ke fitowa. Bambancinsa da fentin mai babba ne. Fentin mai ya kan rufe abin da ke ƙarƙashinsa, saboda haka mai zane na iya gyara kuskure. Launin ruwa kuwa garai-garai ya ke, farin takarda na leƙowa ta cikinsa, kuma abin da burushi ya ajiye da wuya a janye shi. Ga shi da araha, ba wari, ba nauyin kaya. Don haka shi ne abin da iyaye suka fi yarda a koya wa 'ya'yansu mata a gida.

Norwich (mutanen garin su kan furta shi kamar "Norij") na gabashin Ingila, cikin lardin Norfolk. Tsohon garin masaƙa ne, wanda a dā ba ya bin kowane gari a girma sai Landan, amma a farkon ƙarni na 19 masaƙun inji na arewa sun fara ƙwace masa kasuwa. A nan ne cikin 1803 John Crome da Robert Ladbrooke suka kafa jam'iyyar. Abokai ne tun ƙuruciya, kuma ya da ƙanwa suka aura. Crome, wanda aka haifa cikin 1768, ba ɗan kowa ba ne. Wajen mai fentin kekunan doki da allunan kantuna ya yi koyon sana'a. Da farko jam'iyyar wurin zama ce kawai, a taru bayan mako bibbiyu a tattauna a kan zane da gini da sassaƙa. Sai cikin 1805 suka yi nuninsu na farko, a shekarar da jam'iyyar masu launin ruwa ta Landan, wadda aka kafa cikin 1804, ta yi nata.

Wanda ya ɗaukaka sunan garin a wannan fanni shi ne John Sell Cotman. An haife shi a Norwich cikin 1782, ya tafi Landan yana saurayi, ya komo cikin 1806, ya shiga jam'iyyar, har ya shugabance ta cikin 1811. Abin lura shi ne, mafi kyawun aikinsa ya riga shigarsa. Tsakanin 1803 da 1805 ya yi ta zuwa lardin Yorkshire, kuma daga tafiyar 1805 ne zanensa na gadar kogin Greta ya fito, wanda ke ajiye a babban gidan kayan tarihi na Biritaniya a Landan.

Ya kamata a daɗe a kan wannan zane, domin a cikinsa a ke ganin iyakar abin da launin ruwa ke iyawa. Gada ce ta dutse mai baka guda, da gini a gefenta, da duwatsu barbaje cikin ruwa. Wani mai zane da sai ya bi kowane dutse da inuwa a hankali, daga duhu zuwa haske, don ya yi kama da abin da hannu zai iya ɗauka. Cotman bai yi haka ba. Ya raba abin da ya gani zuwa fili-fili, kowane fili da launinsa guda, shimfiɗe sumul, da bakinsa a yanke sarai; ya bar na farko ya bushe sa'an nan ya ɗora na biyu. Launukan kaɗan ne: toka-toka, da shuɗi mai sanyi, da ruwan ƙasa. Inda ya ke son haske, sai ya ƙyale takarda. Sakamakon haka ido ba ya yawo, ya kan bi bakan gada ya sauko kan duwatsu ya tsaya. Aiki ne na wanda ya yanke shawara tun kafin ya jiƙa burushi. Mutanen zamaninsa da yawa sun ɗauke shi zanen da ba a gama ba, don sun saba auna gwaninta da yawan ƙananan abubuwan da aka cika takarda da su.

To, mutum mai irin wannan hannu, me garinsu ya ba shi? Ya ba shi almajirai. Cikin 1809 ya buɗe wani irin ɗakin aro, ya tara zane-zanensa kimanin 600, mai so ya biya kuɗi ya ara ya je gida ya kwaikwaya. Malamin da ya san aji zai ga hikimar abin, zai kuma ga haɗarinsa. Salon shimfiɗa launi fili-fili yana da sauƙin koyarwa, domin a na iya rarraba shi mataki-mataki. Amma zanen da aka yi don a kwaikwaye shi dole ya sauko daidai hannun ɗan koyo, kuma ɗaruruwan irinsa lokaci su ke ci. Nunin shekara-shekara ma, in an duba, rabinsa tallar malanta ne: malami ya rataya nasa, ya rataya na almajiransa, iyaye su zo su ga wa ya kamata su ɗauka.

Cikin 1812 Cotman ya ƙaura zuwa Yarmouth, garin bakin teku, ƙarƙashin wani mai banki, Dawson Turner, yana koya wa iyalinsa zane, yana kuma zana masa tsofaffin majami'u a kan farantan tagulla don bugawa. Ya je Normandi ta Faransa sau uku, cikin 1817 da 1818 da 1820, littafin ya fito cikin 1822. Aiki ne mai tsabta, amma shekara goma sha ɗaya ke nan na ƙuruciyarsa suka tafi ga hidimar sha'awar wani.

Ita kuwa jam'iyya ta sha rigingimunta. Cikin 1816 Ladbrooke ya ɓalle da waɗansu suka kafa tasu, suka yi nuni sau uku, abin ya mutu. Crome ya rasu cikin 1821. An rushe ginin da su ke nuni a ciki, aka yi shekara biyu ba a yi ba, aka farfaɗo cikin 1828 da sabon suna, aka yi na ƙarshe cikin 1833. Shekarar da ta biyo Cotman ya sami aikin malamin zane a makarantar King's College ta Landan, ya tafi da bashi a kansa, can ya rasu cikin 1842. Zane-zanensa na ƙarshe, waɗanda ya kan kaurara launinsu da ƙullun gari, suna da ƙarfi da ƙyalli, amma natsuwar na Greta ba ta cikinsu.

Daga baya an laƙaba wa dukansu sunan "makarantar Norwich", kamar hanyarsu ɗaya. Kalmar ta yi musu faɗi. Crome gwanin fentin mai ne, mai bin sawun masu zanen Holan, ya kan gina itacen oak reshe-reshe; almajiransa James Stark da George Vincent suka bi shi. Cotman mai ragewa ne, ba mai tarawa ba. Abin da ya haɗa su shi ne gari ɗaya, da ɗakin nuni ɗaya, da kasuwar almajirai ɗaya. In za a nemi wanda launin ruwansa ya fi jin ƙamshin garin, to John Thirtle ne, mai yin firam ɗin hotuna, wanda ya yi ta zana kogin Wensum da kwalekwalen dako. Sai dai shunin da ya yi amfani da shi bai jure haske ba. Ya kuɗe, ya bar jan ƙasar da aka gauraya shi da ita, har sararin sama a waɗansu zane-zanensa ya koma ja-ja. Mai duban su yau dole ya mayar da shuɗin da zuciyarsa.

Da ya ke yawancin aikin a lardin aka saye shi, a nan ya zauna, sauran duniya ba ta san shi sosai ba. Sai a ƙarshen ƙarnin, musamman bayan Laurence Binyon ya rubuta littafinsa a kan Crome da Cotman cikin 1897, masana suka komo kan zane-zanen Greta. Iyalin Colman, attajiran garin masu sana'ar garin mustad, sun daɗe suna tara abin da suka samu. Russell Colman ya bar wa birnin tarin cikin 1946, aka buɗe masa ɗakuna a tsohuwar fadar Norwich cikin 1951.