Jaridu da Lafiyar Mutanen Karkara: Misali daga Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa

A wannan 'yar maƙala za mu dubi yadda jaridunmu ke ba da labarin zaman mutanen karkara, musamman Fulanin daji, a Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. Abin da muka lura shi ne, ba a cika ambaton waɗannan wurare ba sai an zubar da jini.

Alal misali, sa'ad da aka sace ɗalibai fiye da 300 a Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara cikin Disamba 2020, labarin ya game duniya. Amma a Satumba 2021, da Gwamnatin Katsina ta sa aka yanke layukan waya, ta kuma rufe kasuwannin shanu, galibi ta bakin hukuma aka ji zancen. Ba a cika tambayar yadda mai naƙuda za ta kira mota cikin dare ba, ko da me makiyayi zai sayi magani.

Dalili kuwa, wakilin jarida yana zaune a birni, ya dogara ga sanarwar 'yan sanda. Ita ko sanarwa gawa take ƙirgawa. Tamowa da zazzaɓi da shan ruwan tafki ba su cikin lissafinta. Ta haka Bafillace ya zama abin zargi kawai, aka manta cewa shi ma ɗansa yana ciwo.

Saboda haka, muna ganin ya wajaba editoci su riƙa tura wakilai ƙauyuka da rugage, waɗanda ke jin Fillanci. Ai Hausawa sun ce gani ya kori ji.