Basamariye a hanyar Galmi

Akwai wani wa'azi da ba ya tsufa a majami'unmu, daga Birnin Ƙwanni har Malbaza da Illela: ka ƙaunaci Allah, ƙauna ta kai ka ga biyayya, biyayya ta haifi jinƙai. Tushensa Yohanna sura ta 14, inda Yesu ya ɗora kiyaye umarninsa bisa ƙaunarsa. Ba ni da ja da tushen. Abin da nake ja da shi, ƴan uwa, yadda mai wa'azi ke rabon lokacinsa ne. Ƙauna ta samu minti biyar, biyayya ta cinye awa guda, jinƙai ko sai ana shirin tashi.

Ga ni, laifin ya soma daga kalmar. Tun 1932 muke da Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa, amma biyayya ta girmi wanga littafi a kunnenmu, kuma ta zo da kayanta: talaka ga sarki, mata ga miji, yaro ga ubangidansa. Mu ne fa masu cewa bin na gaba bin Allah. In fasto ya ce biyayya, abin da kunne ke ji shi ne dattawan ikilisiya, da baiko, da kada ka yi gardama. To amma ɗan Ƙwanni bai kamata ya amshi wagga kalma ido rufe ba. A 1899 rundunar Voulet da Chanoine ta ƙone garinmu, ta karkashe mutane, kuma akasarin masu riƙe da bindigogin baƙar fata ne irinmu, umarni suke bi. Biyayya ce wannan, cikakkiya ma.

Shi ya sa nake ganin Luka sura ta 10 ta fi wa'azinmu wayo. Masanin Attaura ya san amsa sarai, ƙaunar Allah da ƙaunar maƙwabci, abin da yake nema iyaka ce: ina maƙwabcin ya tsaya? Sai aka ba shi labari. Ƴan fashi sun yashe mutum tsakanin Urushalima da Yariko. Firist ya ratse, Balawe ya ratse, su biyu ma'aikatan Haikali, waɗanda rayuwarsu duka bin doka ce. Labarin bai ce mugaye ne ba, bai ma faɗi dalilinsu ba, kuma nan gwanintarsa take, don kowa na iya cusa nasa uzurin a wurin. Wanda ya tsaya Basamariye ne, mutumin da masu sauraro ke ɗauka addininsa gurɓatacce ne. Ku lura da abin da aka lissafa masa: mai, ruwan inabi, dabbarsa, kwana a masauki, dinari biyu, da alkawarin biyan saura in ya komo. Duka kuɗi ne da wahala. Ba a ce ya yi wa mai rauni wa'azi ba, ba a ce ya tambayi addininsa ba. A nan jinƙai ba mataki na uku ba ne da ake isa bayan an gama biyayya. Shi ne umarnin da aka bi.

Muna da wurin gwada wanga karatu kusa da gida. Asibitin Galmi, da mishan ta SIM ta buɗe a 1950, yana bakin babbar hanya tsakanin Ƙwanni da Madawa, cikin ƙasar albasa. Marasa lafiya na zuwa daga ƙauyukan Adar da Gobir, har daga ƙetaren iyaka ta wajen Sakkwato, kuma kusan dukansu Musulmi ne. Mu Kirista muna son nuna shi da yatsa mu ce ga Basamariye, kuma aikin shekara saba'in da ɗoriya ba wasa ba ne. Sai dai Barbara Cooper, cikin littafinta na 2006 kan Kiristocin yankin Maraɗi, ta nuna cewa mishan ɗin ta daɗe tana ɗaukar magani a matsayin baran bishara, wato ƙofar shiga da wa'azi. Mutanen karkara ba wawaye ba ne, sun san bambancin kyauta da tsabar da ake watsa wa kaza. Ni dai likitan da ya yi fiɗa tsakar dare, ya san majiyyacin zai tashi ya yi sallar asuba, bai kuwa ji ya yi hasara ba, shi ne ya karanta Luka daidai.

Abin da na fi jin haushin rashinsa a bagade shi ne wa ke kwance a hanya. Kullum mu ne Basamariye, wani ne mai rauni. Amma a labarin, mai sauraro shi ke kwance, baƙo ne ya duƙa kansa. Ranakun 16 da 17 ga Janairu 2015, da aka ƙone majami'u a Damagaram da Yamai, akwai Kiristocin da suka kwana ɓoye gidajen maƙwabtansu Musulmi. Na ji wa'azi da yawa kan waɗanda suka kunna wutar. Kan waɗanda suka buɗe ƙofa, har yau ina jiran na farko.