Masu Gyaran Fuskar Shafi

Mai kantin da yake son sayar da kaya ta intanet ba kasafai yake sa a gina masa shafi tun daga tushe ba. WordPress ake ɗauko masa, manhajar da Matt Mullenweg da Mike Little suka fara a 2003, wadda a yau take ɗauke da fiye da kashi 40 cikin ɗari na shafukan duniya. Sai a zaɓi tim, wato ƙunshin fayilolin da ke ba shafi fasali da launi. Daga nan a ɗora fulogin, ƙananan manhajojin da ke ƙara wa shafi aiki: WooCommerce domin kwandon saye da farashi, Contact Form 7 domin fom ɗin aika saƙo, wani kuma domin jera hotuna. Kafin la'asar shafi ya tashi, kome yana aiki. Amma kallo ɗaya za ka yi masa ka san hannaye da yawa ne suka taɓa shi, kuma masu hannayen ba su zauna shawara ba. Tambarin kanti kore ne, maɓallin saye kuwa shunayya, launin da WooCommerce ta saba zuwa da shi. Akwatunan fom sun matse kamar ana tsoron su ci wuri. Rubutun farashi ya fi sunan kaya girma.

A nan ake kiran mutanen da nake son yabawa. Ba su ne suka rubuta tim ba, ba su ne suka rubuta fulogin ba, kuma ba za su sake rubuta ko ɗaya ba. Aikinsu kamar na telan da ake kai wa rigar da wani ya ɗinka ne, a ce ya rage kafaɗa ya gyara wuya, ba tare da ya farke ta ba, ba kuma tare da an ga inda allurarsa ta bi ba. Kayan aikinsu harshe ne da ake kira CSS, kuma gwani a cikinsu yakan gama da layi goma sha wani abu, abin da ɗan koyo zai cika shafi uku yana fama bai samu ba.

Abin da ya ba da damar wannan sana'a shawara ce da aka yanke tun intanet na yarinya. A watan Oktoba na 1994, Håkon Wium Lie, ɗan ƙasar Norway da ke aiki a cibiyar bincike ta CERN kusa da Jeneba, ya kawo shawarar a raba abin da shafi yake faɗa da yadda yake bayyana. Rubutu da kanun labari da hotuna su zauna a fayil ɗinsu na HTML. Launi da girman harafi da tazara su koma wani fayil daban. Bert Bos ya shigo suka yi aikin tare, kuma a Disamban 1996 hukumar W3C ta fitar da ƙa'idar farko. An ɗauki shekaru kafin masu gina shafuka su yarda da gaske. Abin da ya karya gardamar mutane da yawa shi ne CSS Zen Garden, shafin da Dave Shea na Kanada ya buɗe a 2003: fayil ɗin HTML ɗaya tak, ba a yarda kowa ya canza ko waƙafi a cikinsa ba, amma masu zane daga ƙasashe daban-daban suka riƙa aiko da nasu fayilolin salo, kowanne yana mayar da shafin wani abu da ba za ka ce asalinsu ɗaya ba. Duk mai gyaran fulogin a yau abin da yake yi ke nan, ko ya san tarihin ko bai sani ba.

Umarnin CSS ba shi da wuyar karantawa. Kashi biyu ne: wa ake nufi, da me za a yi masa. Ka nuna maɓalli, ka ce bayansa ya zama kore, rubutunsa fari, kusurwoyinsa su ɗan lanƙwasa. Yaron da ya iya kwamfuta zai koyi wannan a yini guda. Wahalar tana wajen nunin, domin a shafin da ba kai ka gina ba, sai ka fara gano sunan da maginin ya laƙaba wa kowane abu.

Saboda haka gwani ba ya fara da rubutu. Yakan danna dama a kan abin da ke damunsa, ya buɗe madubin binciken da ke cikin burauza. Irin wannan madubi ya bazu ne da Firebug, wanda Joe Hewitt ya fitar a 2006 domin Firefox, yau kuwa kowace burauza tana zuwa da nata. A gefe guda yana nuna ƙashin shafin, a ɗaya gefen yana jero duk umarnin da ya faɗa kan wannan maɓalli, daga wane fayil, a layi na nawa. Waɗanda aka kayar an ja musu layi a tsakiya, wanda ya yi nasara yana tsaye. Mai gyara yana iya canza launi a nan take ya ga yadda zai kasance, ba tare da ya taɓa ainihin shafin ba. Da ya sake loda shafi kome ya koma yadda yake. Ina ganin rabin gwanintar tana cikin haƙurin wannan kallo. Wanda ya iya karanta jerin nan ya riga ya san abin da zai rubuta kafin ya ɗora yatsa a kan madannai.

Sai babban al'amari, wanda ya raba gwani da mai lalube: idan umarni biyu suka yi karo a kan abu ɗaya, wa burauza za ta saurara? Akwai ƙa'ida, kuma ba ta son kai. Kowane nuni yana da nauyi. Nuni da jinsin abu kawai, a ce duk maɓalli ko duk sakin layi, shi ne mafi sauƙi. Nuni da laƙabi, wanda ake rubutawa da ɗigo a gabansa kuma abubuwa da yawa kan yi tarayya a kansa, ya fi wannan nauyi. Nuni da suna na musamman, wanda abu ɗaya ne kaɗai ke da shi a shafi, ya fi su duka. Ba tarawa ake yi a dunƙule ba, daraja-daraja ake dubawa: suna na musamman guda ɗaya ya rinjayi laƙabi ko nawa ne, laƙabi ɗaya ya rinjayi jinsi ko nawa ne. Idan kuwa nauyi ya zo daidai, wanda ya zo daga baya shi ke da magana.

Mu koma kan maɓallin nan na shunayya. Ɗan koyo zai duba ya ga yana da laƙabin .button, sai ya rubuta umarni da wannan laƙabi guda, ya ce ya zama kore. Ya adana, ya loda shafi, shunayya na nan daram. Dalili kuwa shi ne nunin da WooCommerce ta yi amfani da shi yana da siffar .woocommerce button.button.alt, wato laƙabi uku da jinsi ɗaya. Laƙabi ɗaya ba zai ture uku ba. A wannan gaɓa ce shaiɗan yake raɗa wa mutum kalmar !important, wadda idan aka liƙa ta a ƙarshen umarni sai ya tsallake layi ya hau kan kowa. Tana aiki, babu musu. Amma ranar da aka so canza wannan maɓalli a shafi ɗaya kawai, sai an sake liƙa wata, da nuni mafi nauyi, kuma a haka fayil yake cika da umarnin da kowanne ke ɗaga murya, har a rasa mai jin wani. Gwani yakan kwafi nunin WooCommerce yadda yake, ya sa nasa ya zo daga baya, ya ci da ƙa'idar wanda ya zo ƙarshe. In kuma maɓallin saka kaya a kwando kaɗai yake nufi, sai ya ƙara laƙabin da wannan maɓalli ya keɓanta da shi, nauyinsa ya ɗara da taki ɗaya, sauran maɓallai su zauna lafiya. Ba ya manta ya gyara launin da maɓalli ke komawa idan aka ɗora masa linzami, domin shunayyar tana laɓe a can ma. Ba na cewa a haramta kalmar nan. Akwai fulogin da ke manna salonsu a jikin abin kai tsaye, inda babu nunin da zai kai su nauyi, kuma a irin wannan wuri ita ce kaɗai mafita. Abin da nake yabawa shi ne mutumin da ya san bambancin.

WordPress ma tana taimaka wa mai lura. Tana laƙaba wa jikin kowane shafi sunayen da ke faɗin ko wane ne: shafin farko ne, shafin kaya ɗaya ne, lambarsa kaza ce, mai kallo ya shiga da sunansa ko baƙo ne. Wanda ya fara nuninsa da irin wannan laƙabi yana iya ɓoye kanun shafi guda, ko ya faɗaɗa fom a shafin tuntuɓa kaɗai, sauran wurare ba su ji ba ba su gani ba.

Tambaya ta gaba ita ce inda za a ajiye gyaran, kuma nan ne aka fi yin kuka. Hanya mafi kusa ita ce a buɗe fayil ɗin salo na fulogin a canza launin a ciki. Zai yi kyau har ranar sabuntawa, lokacin da WordPress za ta kwashe tsofaffin fayiloli ta zuba sababbi, gyara ya bi ruwa. Wasu kan guje wa hakan ta ƙin sabuntawa gaba ɗaya, wanda ya fi muni, domin sau da yawa sabuntawa toshe kafar ɓarayi take yi. Masu sana'a suna da wurare biyu. Na farko 'yar tim: ƙaramin kundi mai fayil ɗin style.css, wanda a samansa ake rubuta sunan uwar da ta gada. Tana karɓar kome daga uwar, ta ɗora nata a kai, kuma ko sau nawa aka sabunta uwar ba abin da zai taɓa ta. Na biyu akwatin ƙarin CSS da ya shigo WordPress a fitowa ta 4.7, a Disamban 2016, inda mutum ke rubutu yana ganin sakamako a gefe. Ya dace da ƙananan gyare-gyare, sai dai abin da aka rubuta a ciki yana ɗaure da tim ɗin da ake amfani da shi. In an sauya tim, sai an kwaso shi da hannu.

Akwai kuma abin da ke sa ɗan koyo ya yi zaton ya haukace: ya yi gyara daidai amma shafi ya ƙi canzawa, saboda burauza ko sabar tana riƙe da tsohon kwafi domin sauri. Gwani yakan share ma'ajiyar kafin ya zargi kansa.

Gyaran da ya yi kyau a babban allon ofis bai gama cin jarrabawa ba. Tun da Ethan Marcotte ya yi rubutunsa na 2010 kan shafi mai daidaita kansa da faɗin allo, ya zama wajibi a rubuta umarnin da ke cewa idan allo ya ƙanƙance zuwa kaza, ginshiƙai uku su koma ɗaya, maɓalli ya cika faɗin waya yadda babban yatsa zai same shi. Launi ma yana da ma'auni. Ƙa'idojin WCAG, na sauƙaƙa shafi ga masu raunin gani, sun nemi bambancin haske tsakanin rubutu da bayansa ya kai 4.5 bisa 1. Mai kanti zai iya nacewa sai an sa farin rubutu a kan ruwan ɗorawa saboda launin tambarinsa ke nan. Mai gyara na kirki zai ce masa ya fita da wayar tsakar rana ya gwada karantawa. Haka kuma ya san cewa ɓoye abu da CSS ba cire shi ba ne. Idan fulogin yana loda kayan da ba a buƙata, ɓoye su daga ido sau da yawa ba ya hana wayar mai ziyara sauke su, kuma datarsa ce ke ƙonewa. Wannan sai an kashe shi daga saitin fulogin ɗin.

Mai gyaran shafin Hausa yana da wata jarrabawa ta kansa, wadda mai tim a wata nahiya bai san da ita ba. Yawancin kyawawan salon haruffan da tim ke zuwa da su ba su da ɓ da ɗ da ƙ, balle ƴ da ake rubutawa a Nijar. Idan burauza ta iso harafin da babu shi, sai ta aro daga wani salo daban, shi ya sa kake ganin kalma kamar ƙasa ko ɗalibi harafinta na farko ya fita daban, ya fi 'yan'uwansa kauri ko tsawo, wani lokaci ma akwati ne kawai a wurinsa. Alamar naira a gaban farashi takan gamu da irin wannan. Maganin layi ɗaya ne, amma sai wanda ya san jerin da ake ba burauza: fara da wannan salo, in babu koma wancan. Mai gyara zai zaɓi salon da ya san yana da haruffan masu ƙugiya, irin su Noto na Google, ko Andika da Charis na ƙungiyar SIL, ya sa shi a gaba. Sannan ya bi fulogin ɗaya bayan ɗaya, domin akwatunan fom da maɓallai ba sa gadon salon harafin shafi da kansu sai an umarce su, wasu fulogin kuma suna zuwa da nasu. Gwajin da yake yi kafin ya miƙa aiki shi ne ya rubuta jimla mai ɗauke da haruffan nan duka, manya da ƙanana, ya manna ta a kanu, a sunan kaya, a cikin akwatin fom da kan maɓallin saye, ya duba ta a kwamfuta, sannan ya duba ta a ƙaramar wayar Android.